Ɗana Yana Aji Ɗaya, Amma Saƙa Yake Yi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A Jidda muke zaune. Bana muka sa ɗanmu mai shekara 6 a wata makarantar kuɗi da ta ce tsarin Waldorf take bi. Tun da aka koma, abin da yake dawo mana da shi zane ne da fenti, sai wani ulu da yake saƙawa. Ɗan maƙwabciyata da ke makarantar gwamnati har ya fara haɗa baƙi a littafinsu na Larabci, Lugati. Maigida ya ce riyal ɗinsa kawai muke zubarwa. In cire shi?
*Wata uwa, Jidda*

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki cire shi tukuna. Jinkirin nan da gangan ne, haka tsarin yake tun asali. Wani masani Bature mai suna Rudolf Steiner ne ya kafa makarantar farko a Stuttgart ta ƙasar Jamus a 1919, domin 'ya'yan ma'aikatan wani kamfanin sigari mai suna Waldorf-Astoria. A wurinsu rubutu ke gaba da karatu, zane kuma ke gaba da rubutu.

Ranar farko layi biyu kacal ake koya wa yaro, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe. Zai taka su da ƙafa a ƙasa, ya zana su da hannu a iska, sannan ya ɗauki kala ya sa a takarda. Daga nan malama ta ba da tatsuniya, gobe yara su zana wani abu daga ciki, jibi a zare harafi daga jikin zanen. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba. Da aka ce mana "kaf lasan" da "ɗa mai hannu" lokacin babbaƙu, ai kamannin harafin ake nuna mana don ya zauna.

Darasin safe yakan kai awa biyu, fanni ɗaya ake riƙewa mako uku ko huɗu kafin a sauya. Lissafi da tsakuwa da tafi ake yinsa, kuma tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk a shekarar farko ake gabatar da su. Saƙar da ke ɓata wa maigida rai, ƙirgar idon saƙa ce da horar da yatsu. Na koyar a aji ɗaya, na san yaron da fensir ke zame masa a hannu, ba na raina wannan.

Inda ban sakar musu ba shi ne Larabci. Haruffa 28, yawancinsu da kamanni daban a farko, tsakiya da ƙarshen kalma, ga ɗige-ɗigen da ke raba ba da ta da sa. Wannan yana son maimaici kullum, tatsuniya kaɗai ba ta isa. Mu kuma baƙi ne, zamanmu a kan iƙama yake, wato takardar izinin zama. In aiki ya sauya kuka koma Kano ko kuka canza makaranta, karatu za a gwada shi, ba fenti ba.

Ki je da kanki ki ce a nuna miki babban littafin da yake rubutawa da hannunsa, don shi ne a madadin littafin karatu. Ki tambayi haruffa nawa za su kammala kafin ƙarshen shekara, da sa'o'in Alƙur'ani a mako. Ki nemi jin waƙen da suke buɗe safiya da shi, domin Steiner yana da tasa aƙidar, kuma wasu makarantun na koyar da sarewa. Ku da maigida za ku yanke hukunci a kan wannan.

A gida kuma, bayan Magariba ki zaunar da shi minti goma da littafin Ƙa'ida na koyon baƙi. In zangon ƙarshe ya zo bai iya rubuta sunansa da gajeriyar jimla ba, ki sake rubuto min mu yi maganar wata makarantar.