Zariya ko Sakkwato: Ina Ya Fi Dacewa Da Mai Son Karatun Lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Argungu, na ci JAMB da maki mai kyau, kuma karatun lauya nake so. Babana ya fi son in tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo saboda kusa, ni kuwa raina yana Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, don ƙawayena sun ce a can ne ake rayuwar jami'a ta gaske. Wacce zan zaɓa kafin a rufe canjin makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka. Ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, amma ki tambaye su wane ɓangare na ABU suke ba ki labari. Yawancin abin da ake yaɗawa, wato cunkoson ɗalibai daga kowace jiha, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ɗakunan kwana irin su Amina da Ribadu, duk a babbar harabar jami'ar ta Samaru suke. Tsangayar shari'a kuwa tana harabar Kongo, kusa da Tudun Wada, tare da masu karatun harkokin mulki. Kongo ƙarama ce, kusan kowa ya san kowa, kuma sai kin hau mota kafin ki je Samaru. Ba aibu ba ne, wasu ma sun fi son hakan, amma gara ki sani tun yanzu.

Duk da haka ABU, wadda aka kafa a 1962, tana da abin da ba a samunsa a littafi. Za ki zauna aji ɗaya da Bayarabiya da 'yar Tibi da 'yar Ibo, ki koyi jayayya da wanda bai taso yadda kika taso ba, ba tare da an yi faɗa ba. Lauya na buƙatar wannan ƙwarai.

Ɗanfodiyo, wadda ta fara a 1975, yanayinta daban ne. Mazauninta na dindindin yana bayan gari, wajen Dundaye, sai an haye kogin Rima. Wuri ne mai natsuwa, ba yawan hayaniya, ana kula da tsarin sutura, kuma ɗaliban can sun yi suna wajen aikin jarida na cikin makaranta, abin da ke wasa alƙalamin mai son rubutu. Zafin Afrilu ba sai na gaya wa 'yar Argungu ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne inda za ki kwana. Duka jami'o'in biyu ɗalibai sun fi gadaje yawa. Wadda ta samu gado a ciki, masallaci da aji da wurin karatun dare duk ƙafa ce ke kai ta. Wadda ta kama haya a waje kuwa, safiyarta tana farawa da neman ruwa da jiran mota, ƙarfe shida na yamma ta fara duba agogo, ta bar taron ƙungiya ko ta'alimin ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSS) a tsakiya. Ga batun tsaro: ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumban 2023, daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su. Haka kuma hanyar Zariya daga wajenku ta Gusau da Funtuwa take bi, tafiya ce ta yini, ta rana kawai. Ina jin wannan ne ke ran Babanki, kuma yana da hujja. Sakkwato kuwa Mama za ta iya kawo miki garin tuwo da yaji ta koma gida kafin magariba.

Kebbi na cikin yankin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in biyu, amma gurbin lauya ƙalilan ne ko'ina, kuma tururuwar masu nema a ABU ba kaɗan ba ce.

Idan da 'yar uwa a Zariya da za ta tsaya miki, kuma gida zai iya ɗaukar kuɗin mota da na abinci har shekara 5, ki zauna da Baba cikin ladabi ki nemi yardarsa kan ABU. In babu, ki sa Ɗanfodiyo da zuciya ɗaya. Kafin ki je cibiyar CBT, inda ake yin canjin makaranta na JAMB, ki kira wata 'yar aji uku a kowace tsangayar, ki tambaye ta yadda ake rabon gado ga sababbin ɗalibai da kuma nawa ake kama ɗaki a waje bana.