Ga mai tambaya kan karatun yara a waya, da cin abinci, da rowa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, sai yanzu da yara suka tafi Islamiyya na samu zama. Kin ce biyu gare ki, ɗan shekara biyar da 'yar shekara biyu. Babban ba ya son komai sai wayarki, kina neman inda za ki samo masa littattafan yara a intanet, ba ya cin abinci sai biskit da taliyar leda, ga shi kuma ya fara rowa har yana ɓoye wa ƙanwarsa kayan wasa. Ni uku gare ni, babban yana aji biyar na firamare, autar tana da shekara huɗu, kuma duk abin nan da kika lissafa na sha shi a kan na fari. Shi ya sa na ce ba zan wuce ban ce komai ba.

Bari in fara da inda na yi kuskure. Lokacin da babban nawa yake da shekara biyu ina ɗinki a gida, aiki ya yi mini yawa, sai na riƙa miƙa masa waya yana kallon zane-zanen yara don in samu in taka keke. Tun ana rabin awa har ta kai ga in ba waya ba ya cin abinci, in an karɓe ya faɗi ƙasa yana birgima. Wata rana mun je rigakafin ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinyar ta ga yadda ya manne wa wayar, ta tambaye ni awa nawa yake yi a kanta a yini. Na lissafa a zuciyata, na kasa faɗa. Ita ta fara gaya mini abin da daga baya na tabbatar: a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. A cikin wannan shawara sun ce idan yaro zai zauna wuri ɗaya, abin da ya fi masa shi ne babba ya karanta masa ko ya ba shi labari. Don haka 'yar shekara biyun nan taki, ki kare ta tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wuraren samun littattafai kuwa akwai su, kuma kyauta ne. Wanda na fi amfani da shi shi ne African Storybook, wata ƙungiya ce mai suna Saide a Afirka ta Kudu take gudanar da shi, akwai labarai da harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa. An kasa labaran mataki-mataki, daga na farko mai kalmomi kaɗan da babban hoto har zuwa na biyar mai dogon rubutu. Ga ɗanki, mataki na farko da na biyu ne daidai shi. Sai StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, nasu hotunan sun fi kyau a ganina, sai dai yawancin labaran asalinsu na can ne, fassara aka yi. Akwai kuma Bloom Library da Global Digital Library, duka za ki samu na Hausa idan kika zaɓi harshe. In kina da 'yar'uwa malamar firamare a Bauchi ko Sakkwato, ki tambaye ta littattafan Mu Karanta da aka raba wa makarantun gwamnati a can, don koyon haɗa baƙi da wasali suna da kyau ƙwarai.

Amma ki riƙa karanta labari ke kaɗai kafin ki kai shi gaban yaro. Wasu fassarorin Hausarsu ba ta zauna ba, za ki ji jimla kamar an ɗora ta a kan Turanci. Wasu kuma ba a sa haruffa masu ƙugiya ba, sai ki ga an rubuta kofa maimakon ƙofa, ko dan a inda ake nufin ɗan. Ga babba wannan ba komai ba ne, yana gane nufi. Yaron da yanzu yake koyon cewa kowane harafi da sautinsa kuwa, rikita shi yake yi. Idan na buga irin waɗannan a takarda, da biro nake bi ina sa ƙugiyar da hannuna.

Na ce bugawa, kuma nan ne gaskiyar maganar take. Duk wanda ya ce miki ki buɗe shafin ki miƙa wa ɗan shekara biyar waya ya karanta, bai gwada ba. Kafin ki juya ya fita daga littafin ya koma bidiyo. Abin da ya yi mini aiki shi ne in sauko da labarai biyar ko shida lokacin da nake da data, in kai shagon da ake buga takardu a fitar mini da su, in ɗinke gefen da zare da allura, in yi bango da kwalin madara. Masu shafukan nan sun ba da izinin a buga a raba. Yaro yana son abin da zai riƙe ya ce nasa ne, ya kwana da shi, ya yage gefensa. Ranar da ba kuɗin bugawa, ina karanta musu daga wayar, amma wayar tana hannuna, data a kashe, su suna jingine da ni.

Lokaci kuma guda muka tsayar, bayan sallar isha'i, kwata ɗaya ko minti ashirin. Ba na karantawa kamar mai karanta labarai a rediyo. Ina tsayawa in ce, "Wa ya ga akuya a hoton nan? Me kake gani za ta yi yanzu?" Idan ya ce a sake labarin jiya, ina sakewa, ko da karo na goma ne, domin a maimaicin ne na fara ganin yana ɗora yatsa a kan kalma yana faɗinta kafin in kai. Da Hausa na fara da su dukansu, duk da makarantarsu da Turanci ake koyarwa. Wasu sun ce zan ja su baya. Ban ga haka ba. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana kama ba, bi, bu sai ka ga ya haɗa baba da babu da kansa, kuma wannan dabarar ta haɗa sauti ita ya ɗauka ya shiga Turancin da ita.

Kuma don Allah kada intanet ta mantar da ke abin da muke da shi. Daren da aka ɗauke wuta waya ta mutu, sai in ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta." Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa gundurar yarana ba. Idan kakarsu tana kusa, ki sa ta ta yi musu, ki ɗauki muryarta a waya ki ajiye. Na yi haka da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, yau autar da ba ta san ta ba tana jin muryarta tana cewa ƙurunƙus.

Batun abinci, ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Abin da na gane shi ne yaron da ya sha lemon kwalba ya ci biskit da la'asar ba zai kalli tuwo da magariba ba, cikinsa ya riga ya toshe. Na daina ajiye su a gida gaba ɗaya, don muddin ya san suna cikin kwaba zai yi ta kuka har ki gaji ki ba shi. Kwana uku na farko mun sha rigima, babansu ma ya kusa karaya. Na maye gurbinsu da abin da kasuwa take da shi a lokacin: mangwaro, gwaiba, kankana, dafaffen ƙwai, dankalin Hausa, awara, kunun gyaɗa da safe. Zogale kuwa ba su yarda da shi a kwaɗo ba sai da na fara zuba shi a miya da ɗanwake. Na kuma daina ba shi abinci shi kaɗai a gaban waya, muka koma cin kwano ɗaya a tabarma. Yaro yana ganin hannu yana shiga kwano sai nasa ma ya shiga. Abin da ya ƙi yau kada ki yi dure, ki sake kawowa jibi ba tare da surutu ba. Ki kula da gyaɗa da gurjiya da ƙwallon dabino wajen ƙaramar, suna shaƙe yara.

Barci yana da hannu a rigimar yara fiye da yadda muke zato. Shawarar nan da na ambata ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan uku zuwa huɗu awa 10 zuwa 13. Mu kuwa sai yaro ya kai sha ɗayan dare a falo tare da manya, da asuba a tashe shi shirin makaranta, sannan mu ce ya cika fitina. Karatun bayan isha'i shi ya gyara mana wannan, ana rufe littafi sai goge baki, sai addu'a, sai cikin gidan sauro. Wankin hannu da sabulu kafin ci da bayan fita daga bayi, na ajiye buta da sabulu daidai tsayinsu, shi ke nan. Idan damina ta kama masu raba maganin kariya daga zazzabin cizon sauro suka zo gida-gida, na 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, ki karɓar wa ƙaramar ki cika mata kwana ukun kowane wata.

Rowa ce ta fi damun ki, na ji a rubutunki, ni ma ita ta fi tayar mini da hankali a lokacin. Abu na farko, ki daina kiransa marowaci, ko da wasa, ki hana mutanen gida ma. Yaro yana shiga rigar da aka ɗinka masa. Ɗan shekara biyar da aka yi wa ƙanwa yana ganin an raba shi da cinyar uwa, an raba shi da kulawa, yanzu kuma ana cewa ya ba da motarsa. Idan kika fizge kika ba ta don tana kuka, abin da ya koya shi ne ɓoyewa ta fi. Ni na ware wa babban nawa abu biyu na ce waɗannan naka ne, ba mai taɓawa sai da izininka, sauran na kowa ne. Abin mamaki, da ya samu tabbacin ba za a ƙwace ba, da kansa ya fara ara mata.

Sai kuma ki sa kyautar ta riƙa bi ta hannunsa. A gidanmu na tashi na ga ana ciyayya, ba a sauke tukunya ba a kai wa maƙwabta ba, kuma mu yara ake aika. Na dawo da wannan. Idan almajiri ya yi sallama, ba ni nake fita ba, shi nake zuba wa ya kai, kuma abinci mai kyau irin wanda za mu ci, ba wanda ya kwana ya lalace ba, don yaro yana lura da irin abin da kika zaɓa wa wani. Ina ce masa ya tambayi sunan yaron, ya gaishe shi. Da azumi shi ke ɗaukar kunu da ƙosai zuwa masallacin unguwa tare da babansa. Kuɗin barka da salla muna raba su uku: na kashewa, na asusu, da na bayarwa, kuma shi yake zaɓar wanda za a ba. Shekarar farko naira kaɗan ya yarda ya fitar, ban matsa ba, na yi masa addu'a a gabansa. Na kuma gaya masa hadisin da ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, don ya san bayarwa ba sai mai kuɗi ba. Abu ɗaya da na kiyaye shi ne ɗaukar hotonsa yana ba da sadaka. Ba na son ya taso yana haɗa alheri da a gan shi, kuma wanda ake bai wa ma yana da mutuncinsa.

Ki lura da kanki ma. Akwai ranar da maƙwabciya ta aiko aron turmi na ce a ce ba ya nan, alhali yana bayan ƙofa, don ta taɓa dawo mini da shi a tsage. Da yamma na ji ɗana yana gaya wa ƙanwarsa fensirinsa ya ɓata, ga shi a aljihunsa. Na kira shi na ce abin da na yi da safe ba daidai ba ne, muka ɗauki turmin tare muka kai mata.

Littattafan nan da na buga su ne suka zama babbar makarantar bayarwa a gidana ba tare da na shirya ba. Yaran maƙwabta suka fara leƙowa lokacin karatu, daga biyu suka zama bakwai. Muka samu kwali muka zuba littattafan, babban nawa ya zama mai kula da aro, yana rubuta sunan wanda ya ɗauka a bayan tsohon littafin lissafinsa. Wasu sun dawo da maiƙo, wasu ba su dawo ba, ya yi kuka a kan na farko da ya ɓata, muka sake bugawa. Yanzu shi yake karanta wa ƙananan ranar Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya.

Ki fara da labari ɗaya a daren yau, ko daga wayar ne, ki ɗora ƙaramar a cinya shi kuma a gefenki, ki bar shi ya riƙa juya shafi. Idan kin yi mako biyu ki dawo ki gaya mana wane labari ya fi so, sai in faɗa miki waɗanda suka yi kama da shi. Allah Ya raya mana su, Ya shirya su.