Audie Murphy: da gaske shi kaɗai ya tare Jamusawa?

Kana tambaya ko labarin Audie Murphy, sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarin gishirin 'yan fim ne. Ya faru. Ranar 26 ga Janairu, 1945, kusa da Holtzwihr a Faransa, ya umarci yaransa su koma daji, ya haye motar yaƙi tana ci da wuta, ya yi ta ɓarin harsashi kusan awa guda, ga rauni a ƙafa. Amma "shi kaɗai" da gyara: ta wayar tarho yake kiran igwa tana dafa masa. Wannan jarumtaka ce ta ba shi lambar Medal of Honor, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Kula da shekarar haihuwa: 1925 ce. 1924 da ke kan kabarinsa a maƙabartar sojoji ta Arlington a Amurka ta samo asali daga ƙarin shekarun da aka yi masa don ya shiga soja a 1942. In rubutun makaranta ne, nemi malamin tarihi ya duba maka takardar lambar tukuna.