Tambaya da Amsa: Hoton taurari masu zagaye a sama

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah ina ganin hotunan nan da taurari ke yin layi-layi suna zagaye wuri ɗaya, na gwada da kyamarar yayana a saman benenmu na bar ta a buɗe minti 20 amma hoton ya fito fari fat, ina matsalar take?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamarar lafiyarta lau, hasken gari ne ya cinye maka hoton, fitilun solar titi da na gidaje duk tana kwasa in ta daɗe a buɗe. Masu wannan harkar yawanci ba hoto ɗaya suke ɗauka ba, sakan 30 sakan 30 suke yi a jere ba tsayawa, awa guda za ta baka hoto kusan 120, sai ka zuba a kwamfuta manhajar StarStaX ta haɗe su, kyauta ce ma. ISO, wato saitin yadda kyamarar ke saurin kama haske, ka fara da 800, ka saita fokas da hannu a kan tauraro mai haske, ka kafa kyamarar a kan abin ɗora ta mai ƙafa uku kar ka sake taɓawa, batir kuma ya cika.

To amma inda aka fi shan wahala shi ne zagayen. Duniya ce ke juyawa, digiri 15 duk awa, kuma dole ka fuskanci arewa inda tauraron Polaris yake don shi ne kusan tsakiyar da'irar. A Landan yana can sama digiri 51, mu nan Kano 12 ne kacal, miƙa hannunka ka dunƙule, tsayinsa daga ƙasa bai fi dunƙulen nan da kaɗan ba, kaga kenan katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ɗaya ta isa ta rufe shi. Shi yasa nake cewa fili za ka nema a bayan gari wanda arewarsa ba gini.

Lokaci kuma ka bari sai ƙarshen watan Musulunci da babu farin wata, ni gaskiya na fi son bayan ɗaukewar damina wajen Oktoba zuwa Nuwamba kafin hazo ya yi ƙarfi. Kuma dan Allah kar ka fita daji kai kaɗai da dare a halin da ake ciki, ka je ƙauyen da aka sanka ka gaya wa mai unguwa abin da ya kawo ka.