Mu kulle ta a ɗaki saboda kodin?

'Yar'uwa, kin ce kun tsinci kwalaben kodin a ƙarƙashin katifar ƙanwarki, har ana shawarar a kulle ta. Don Allah kada ku yi. Duka da kulle ɓoyo kawai suke ƙara mata.

Ki same ta ku biyu, lokacin da take cikin hayyacinta, ki tambaye ta abin da ke cin ranta. Sau da yawa wani baƙin ciki ne ya ja ta. Sannan ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Dainawa lokaci guda tana kawo zawo, zufa, ciwon jiki da rashin barci, shi ya sa ake so likita ya sa ido. In ta koma sha, ku mayar da ita asibiti ba tare da gori ba.