Tambayi Duba-Gari: Ban-ɗakin Kasuwarmu Ya Gagari Shiga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina sayar da kayan miya a wata ƙaramar kasuwa a Rigasa. Gidan wanka da bahaya ɗaya gare mu, kowace shiga naira 100 muke biya, amma sau da yawa babu ruwa, ƙofar ɓangaren mata ta ɓalle, wari kuwa tun daga rumfar mahauta ake jin sa. Da yawanmu mata mun daina shan ruwa da rana don kada fitsari ya matsa mu. Ina za mu kai kuka? Daga wata 'yar kasuwa, Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Maganar ƙin shan ruwan nan ce ta fi tayar mini da hankali. Mace ta wuni cikin zafin Maris da Afrilu ba ta sha ruwa ba, tana kuma riƙe fitsari, tana kiran ciwon mafitsara ne, wani lokaci har da tsakuwar ƙoda. Don Allah ki daina, ki kuma gaya wa maƙwabtan rumfarki.

Wurin kai kuka akwai shi. Rigasa a ƙaramar hukumar Igabi take, ku rubuta takarda zuwa ga jami'an duba-gari na can, ku sa hannu da yawa. Akwai kuma KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha. Sai dai na yi aikin nan har na yi ritaya, na san iyakarsa. Jami'i zai zo rana ɗaya, ya yi faɗa, a wanke wuri, ya tafi. Ƙazanta kuwa kullum take dawowa, kuma ku ne kullum a wurin.

Saboda haka ku fara da kuɗin. Wa yake karɓar naira ɗarin nan, ina take shiga? Yawancin ban-ɗakunan da na rufe a zamanina kuɗi na shiga musu sosai, sai dai rijiya ta bayar, guga ya hana. Ku je wurin sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyarku, cikin ladabi, ku nemi a zauna da mai riƙe da wurin. A kafa kwamiti ƙarami, lallai da mata a ciki, domin namiji ba zai leƙa ɓangarenku ya ga abin da kuke gani ba. A ajiye littafi, a rubuta abin da ya shigo kullum, a fitar da kuɗin ruwa da sabulu da Izal da ladan mai wanki kafin kowa ya taɓa riba. Ranar taron ƙungiya a karanta wa kowa ya ji.

Mai wankin nan shi ne ginshiƙi, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Na sha ganin yaro yana wanke masai da silifas, hannu tsirara, ana ba shi abin da ba zai saya masa abincin rana ba. Ku saya masa takalmin roba da safar hannu da burushi mai dogon mariƙi, a yanka masa lada tsayayye, a san sunansa, a riƙa gaishe shi. Ɓangaren mata a ba wa mace. A wanke da safe kafin a buɗe rumfuna, a sake bayan azahar lokacin da aka fi cunkoso, sannan da yamma.

Ruwa kuwa, kada ku jira famfo. Ku yi yarjejeniya da 'yan garuwa su cika tanki ko durom biyu tun da sassafe. A bakin ƙofa a sa bokiti mai famfo da sabulu, in sabulu ya yanke a sa toka. Buta ita kaɗai ba ta fitar da ƙwayar cuta daga hannu, kuma hannun nan ne zai koma kan tumatir da naman da mutane za su kai gida. Haka amai da gudawa da taifot suke yawo. A 2021 kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya, galibi a Arewa. Ƙofa da sakata da kwandon shara mai murfi don ƙunzugun mata, wannan karo-karon mako ɗaya ya ishe shi.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili a Nuwamba 2019, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da shi a 2022, da haɗin kan masu unguwanni da limamai. Ku ma ku roƙi limamin masallacin kasuwa ya tunatar, domin Annabi (SAW) ya hana yin bahaya a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ban-ɗakin da ya gagari shiga can yake kora mutane, bayan katanga da bakin kwata.

Kafin damina ta sauka, ku duba ko ramin ya kusa cika. In za a kwashe, a kira motar kwasa, kuma ɗan kwamiti ya tambayi inda za a zubar, don wasu a lambatu suke juyewa da dare ya gangara Kogin Kaduna. In akwai rijiya kusa, a auna: ana son aƙalla mita 30 tsakaninta da masai. Ki rubuto mini bayan kun yi zaman farko, ina so in ji abin da mai riƙe da wurin ya ce game da littafin.