Na Sayi Ƙaramar Mota Na Gano An Mayar da Mitarta Baya: In Mayar, Ko In Sayar wa Wani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna, ina zaune a Rigasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine tsohuwar motata saboda shan mai, na yi ta zubin adashi har na haɗa kuɗin ƙaramar mota. Wani dillali ya kai ni wurin masu sayar da motoci, na sayi Corolla ƙirar 2006, Baljiyam, a kan naira miliyan 7 ban da la'ada. Mitarta na nuna mil 96,000, kuma dillalin ya yi ta nanata mini cewa ba ta sha tafiya ba. Da na zo biya sai mai motar ya ce: "Ka duba da kyau, ƙarfe na sayar maka, in ta fita ƙofar nan babu dawowa." Na ce na yarda.

Bayan kwana 12 na kai ta juyen baƙin mai. Bakanike ya sa mata kwamfuta, ya ce an cire indomin cikin salansa, an kuma kashe wutar cek inji don kada ta tona asiri. Ƙanena ya duba lambar shasi a intanet, aka ga tun tana Amurka ta wuce mil 214,000. Ga tayoyi sun ci, esi ma ba ya sanyi sosai. A cikin kwana 12 ɗin nan na ɗauki fasinja daga Kawo zuwa Zariya sau biyu. A ranar da aka gano haka na kira dillalin, ya ce ai na yarda da sharaɗi, amma in kawo ta ya nema mini wani mai saye, yadda aka yi mini haka zan yi. Malam, ina da haƙƙin mayarwa? In sun ƙi, ya halatta in bi shawararsa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Na san yadda ake tara kuɗin nan, wata bayan wata, ana tauye cefane. A garin nan ne kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma dattawanmu sun ga zamanin da ma'aikaci ke karɓar rancen mota ya fito da sabuwar 504 a leda. Yau mota mai shekara kusan ashirin ita ce burin ma'aikaci, shi ya sa hukuncin aibi a ciniki ya zama karatun da kowa ke bukata.

In abin da ka faɗa haka yake, kana da haƙƙin mayar da motar ka karɓi kuɗinka. Shawarar dillali kuwa haramun ce, kuma bin ta zai iya zubar maka da wannan haƙƙin. Amma sai mun tankaɗe maganar, don ba duk abin da ka lissafa ne ke jawo mayarwa ba.

Tayoyin da suka ci da esin da ba ya sanyi, ka cire su daga lissafi. Abubuwa ne da ke fili, mai ido zai gani, mai hannu zai taɓa, kuma duk wanda ya sayi tsohuwar mota ya san da ragowar tsufa ya saye ta. Aibin da shari'a ke ba da zaɓi a kansa shi ne wanda ya riga ciniki, ya ɓuya ga mai saye, kuma yake rage daraja a idon mutanen sana'ar.

Mita ita ce babbar magana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa. Ya ce wanda ya saye ta, bayan ya tatsa yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Ka lura, dabbar nan lafiyarta ƙalau. Abin da aka yi kawai shi ne an sa jikinta ya faɗi ƙarya a madadin bakin mai ita. Malamanmu na Malikiyya suka ɗauko ƙa'ida daga nan, cewa yaudara da aiki daidai take da sharaɗin da aka furta. Wanda ya juya mita daga mil 214,000 zuwa 96,000 kamar ya rubuta maka ne ya sa hannu cewa iyakar tafiyarta ke nan. Bambancin mil 118,000 ne, kusan kilomita 190,000, kuma kowane bakanike a Panteka zai gaya maka abin da wannan ke nufi ga inji da giya. A taka motar ma ba aiki kaɗai aka yi ba, dillali ya ƙara da baki.

Indomi kuma, ga wanda bai sani ba, wani sashe ne a cikin salansa mai tace hayaƙi. Ana sace shi ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Cire shi rage kaya ne daga abin da aka sayar, kashe wutar da za ta nuna an cire kuwa shi ne ainihin ɓoye aibi. Nan ne hadisin Muslim ya sauka daram: Annabi ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wutar dasbod ita ce saman buhun mota. Ibn Abi Zaid a cikin Risala, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ya faɗi ma'aunin da ban san wanda ya fi shi sauƙi ba: bai halatta mai kaya ya ɓoye abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko kuma kuɗinsu zai ragu.

Saura sharaɗin "babu dawowa", wanda na ga shi ne ya ɗaure maka kai don ka ce ka yarda. Malamai na kiransa cinikin bara'a, wato mai sayarwa ya wanke hannunsa daga kowane aibi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa wannan sharaɗi. Mai saye ya dawo ya ce akwai cutar da ba a faɗa masa ba. Aka je gaban Sayyidina Usman, ya ce Ibn Umar ya rantse cewa lokacin da ya sayar bai san da cutar ba. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Ka ga Halifa bai ce sharaɗi ya rufe magana ba. Tambayarsa ita ce: ka sani ko ba ka sani ba?

A mashhurin mazhabarmu an ma ƙara tsanantawa. Bara'a ba ta aiki sai a cinikin bayi, can ma sai a aibin da mai sayarwa bai sani ba. Sauran kaya, har da mota, wannan sharaɗi ba ya hana mayar da su. Kuma a Mukhtasar na Shehu Khalil an bayyana cewa wanda ya san aibi dole ya ambace shi ya siffanta shi, ko ya nuna shi, ba ya dunƙule magana ba. "Ƙarfe na sayar maka" dunƙulewa ce. Kowa ya san ba a sayen ƙarfe miliyan 7, da a kilo aka auna maka. Amana ta sa in faɗa maka cewa Hanafiyya suna zartar da irin wannan sharaɗi a gaban alƙali ko da ya game kowane aibi, sai dai su ma ba su halatta wa mutum ya yi algus ba. Abin da nake ba da fatawa da shi, kuma na ga ya fi kusa da hukuncin Sayyidina Usman, shi ne yardarka ta hau kan abin da ka gani ko aka faɗa maka. Mutum ba ya yarda da abin da aka ɓoye masa.

A nan zan ja hankalinka kada ka ɗauki zunubin wani. Motar nan ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso Kaduna, daga wurin gwanjo a Amurka, zuwa tashar jirgin ruwa, zuwa masu ɗauko ta. Yana yiwuwa tun a can aka taɓa mitar, mai motar shi ma haka ya saya. In haka ne babu zunubin yaudara a kansa, kuma bai halatta ka bi gari kana kiransa macuci ba. Amma rashin saninsa ba ya hana mayarwa. Ka mayar masa, shi ma ya bi wanda ya sayar masa. Inda sani ke da tasiri shi ne a nauyin da ke biyo baya: in ta tabbata ya sani ya ɓoye, kuɗin mayar da motar wurinsa na kansa, kuma da motar ta halaka saboda wannan aibin da ya ɓoye, da kuɗinka gaba ɗaya zai biya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don a nan mutane ke asarar haƙƙinsu ba su sani ba. Zaɓin aibi yana faɗuwa da duk abin da ke nuna ka haƙura bayan ka sani. Malamai sun yi misali da hawan dabba bayan ganin aibinta, sai fa matafiyin da ba shi da makawa. Sun kuma ƙirga kai kaya kasuwa don sayarwa cikin alamun yarda. Shirun da ya wuce kwana biyu ba tare da uzuri ba shi ma haka. Kiran da ka yi wa dillali a ranar ya taimake ka, amma dillali ba shi ne mai kaya ba. Ka ajiye motar yau, ka daina zuwa aiki da ita, kada ka bari a kwance komai a jikinta. Ka ɗauki mutum biyu masu mutunci da bayanin bakanike a rubuce, ka je wurin mai motar ka faɗa a gabansu cewa ka mayar. In ba ya gari, ka shaida wa mutanen nan biyu cewa ba ka yarda da aibin ba. Ranar da ka miƙa wa dillali makulli ya nema maka mai saye, ranar ka ba abokin shari'arka hujja a hannu.

Kuɗin fasinjan Zariya naka ne, ba za ka mayar da ko kwabo ba. Hadisin Nana A'isha da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna amfanin kaya na wanda lamuninsu ke wuyansa ne. Da motar ta yi haɗari a Maraban Jos a kwanakin nan, asararka ce, don haka abin da ta samo ma naka ne. Haka shi ma ba zai biya ka man da ka sha ba.

In kana son motar duk da haka, asali a mazhaba shi ne muddin tana nan yadda ka karɓe ta, zaɓinka biyu ne: ka riƙe ba ragi, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka. Ba za ka tilasta masa ragi ba. Amma in kun yi sulhu a kan ragi da yardar juna, ya halatta, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙi, musamman in ya riga ya juya kuɗin. Hanyar lissafin da malamai ke bi ita ce a sa masana su yi wa motar kuɗi sau biyu bisa farashin ranar ciniki. A ce sun ce da lafiyarta miliyan 7 da rabi ce, da aibinta kuma miliyan 6. Ragin ya zama kashi ɗaya cikin biyar, sai a cire wannan kason daga abin da ka biya, wato naira miliyan 1 da dubu 400. In sulhu ya gagara, ka fara da shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci na wurin, don sun san junansu kuma suna jin kunyar juna. In nan ma ba a daidaita ba, kotun shari'a na nan. Ka tuna ni ɓangare ɗaya na ji, alƙali ne zai ji biyu ya nemi shaida ko rantsuwa.

Game da dillali: dillanci sana'a ce halal, Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba, kuma akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinta. Amma wanda ya karɓi la'adarka amintaccenka ne. In ya san da mitar ya yi ta yaba ta, ya yi tarayya a zunubin, kuma abin da ya karɓa a hannunka bai tsarkaka gare shi ba. Maganarsa ta ƙarshe ma ta isa ta sa ka yi hattara da shi.

"Yadda aka yi maka haka za ka yi" ba ta da gurbi a shari'a. Wanda za a kawo maka gobe wani ne irinka, wataƙila malamin firamare daga Tudun Wada da kuɗin adashinsa, ko bazawara da ta sayar da gadonta don ɗanta ya yi haya. Bai cuce ka ba. Mai motar yana iya cewa bai sani ba, kai kuwa ka gani a kwamfuta da idonka. Ibn Majah ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. In ƙarshe motar ta zauna a hannunka kuma ka so rabuwa da ita, sayarwa halal ce, da sharaɗin ka ce wa mai saye: mitar nan ba gaskiya ba ce, ta wuce mil 214,000 tun a Amurka, babu indomi, kuma an kashe wutar cek inji. Ku rubuta hakan a takardar ciniki, shaidu su sa hannu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida in an yi ciniki. Kuɗin da za ka samu zai ragu, kuma wannan ragin shi ne kake bin wanda ya sayar maka, ba wanda zai saya a hannunka ba.

Wallahu a'alam.